Damtsen da Ban Duba Ba

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai na yi ta laluben su, amma ban taɓa mantawa da ranar Talatar da na sa hannu a takardar lambar surukata ba. Shekara ta uku ke nan da gama babban yaƙi, ana ƙarshen kaka, ni kuwa ina ƙaramin malamin lamba a ɗakin magani a Azare. Kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin da. To wannan zan ba ku, ko da yake ba shi ne mai daɗin faɗa ba.

Bari in fara gaya muku yadda aikin yake, don ku yaran yanzu da kuke buɗe firji ku ɗauko magani da sanyinsa ba ku san wahalar da muka sha ba. Babbanmu shi ne Malam Garba, babban malamin magani, dattijo mutumin wajen Yana. A samansa akwai likita Bature da ke zuwa rangadi lokaci-lokaci. Ni ina ƙasa, aikina lamba kawai, wato riga-kafin 'yan rani, ciwon da wasu ke kira agana. Ba ku taɓa ganinsa ba, ku gode wa Allah. Idan ya shiga gida, wanda bai kashe ba sai ya bar shi da zanzana a fuska ko ya tafi da idonsa.

Ruwan lambar yana zuwa a cikin ƙananan kwalabe sirara kamar tsinken tsintsiya, kuma ba abin da ya tsana irin zafi. Sai mu naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma mu ajiye a gindin randa. Idan za a yi wa mutum, a wanke damtsen hagu, a bari ya bushe, a ɗiga ruwan, a ɗan karce fatar da allura ba tare da jini ya zubo ba. Daga nan mutum ya zauna a inuwa sai wurin ya bushe, ba a goge shi, ba a shafa masa komai. Ran kwana takwas ya dawo a duba. In wurin ya tashi ya yi ƙurji mai ruwa, lamba ta kama. In bai tashi ba, a sake. Sai an ga ta kama ake rubuta takarda. Malam Garba ya gaya mini wannan ya fi a ƙirga: "Malam Isa, ido ne ke fara aiki, sannan alƙalami."

A shekarun nan mutanenmu suna yawan tafiya gabas. Wasu Makka suka nufa, wasu kuma ƙaura ce sosai zuwa Sudan, su zauna su yi sana'a, in Allah ya nufa wata shekara su ƙetare su sauke farali. Duk mai tafiya sai ya riƙe takardar lamba, don da ita ake wucewa a kan iyaka. Saboda haka da an gama girbi, ƙofar ɗakin maganinmu sai ta cika da masu niyya.

Cikin masu niyyar shekarar nan har da surukaina. Baffa, mahaifin mai ɗakina Dije, baduku ne a garin Katagum. Wansa ya daɗe a Sudan, kusa da Madani, ya yi ta aiko da saƙo cewa su taho, akwai aikin fata, akwai 'yan uwa. Baffa ya ja abin shekara da shekaru, har ya aurar da 'ya'yansa duka, sannan ya ce to. Ya bar wa ƙanensa gida da gona, suka taho Azare shi da Inna, uwar Dije, suka sauka a gidan wani ɗan uwansa, suna jiran ayari ya haɗu a sami lori zuwa Yerwa.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba zai yi mamakin abin da zan faɗa. Shekara huɗu ina auren Dije, ban taɓa kallon fuskar uwarta ba. In na je gaisuwa, tun daga zaure nake cire takalmi, in tsuguna a bayan zana, ita tana ciki. In muka yi kiciɓis a hanya, ɗayanmu ya ratse. Ba ta faɗin sunana, ba na faɗin nata. Haka muka tashi muka tarar, kuma ban ga laifinsa ba har gobe. Muryarta na sani, da abincinta. Mace ce mai barkwanci, sai dai barkwancin nata ta bakin Dije yake iso ni.

Kwana goma sha biyun da suka yi a Azare, gidan nan ya koma kamar kasuwa. Dije tana wuni a can tana taya uwarta shiri, da yamma ta dawo ta ba ni labari. An soya gari an haɗa da barkono, an daka dakuwa, an busar da ƙanzo buhu guda. An shanya kuɓewa da kuka, an ƙulla kanwa. Daddawa kuwa Inna ta ce ko za a bar zannuwanta a baya sai an tafi da ita, don an gaya mata mutanen can ba su san ta ba, ita kuma ba ta ga yadda za a kira abu miya babu daddawa ba. Baffa ya ɗinka salkuna huɗu da hannunsa, ya yi ta jiƙa su yana ratayewa don ya ga inda ke yoyo. Ya yi tandu biyu na man shanu, ya yi wa kowa takalmi mai kaurin ƙasa, domin wansa ya rubuto cewa yashin can yana dafa ƙafa. An sayi malafa da laima. Baƙaƙen riguna duk ya rabar, aka ɗinko farare marasa nauyi.

Rigimar da aka fi daɗewa ana yi ita ce ta dutsen niƙa. Inna ta rantse ba ta barin dutsenta. Baffa ya ce, "Ke a Sudan ɗin duwatsu sun ƙare ne?" Ta ce ba ta san halin duwatsun wata ƙasa ba, nata ta sani. A ƙarshe aka bar wa Dije uwar dutsen, Inna ta soke ɗan a cikin kayanta ba da sanin Baffa ba.

Ran nan Baffa ya zo ɗakin magani tare da mazan ayarin. Da Malam Garba ya ga na rasa inda zan sa kaina, sai ya yi murmushi ya karɓi allurar, ya yi wa Baffa da kansa. Matan ayarin kuwa akwai yadda ake yi. Malam Garba dattijo ne, shi ke shiga gidaje, mai gida yana tsaye, mace ta miƙo hannu ta bayan asabari, a yi mata a fito. Washegari aka shirya zai zaga.

Da yammar nan Baffa ya aika a kira ni. Na tsuguna a zaure, muka gaisa. Ya ce, "Malam, maganar lambar mai ɗakin nan. Shekara talatin ba namijin da ya ga damtsenta. Ba na so a fara yau."

Na ce, "Baffa, ai hannu kawai za ta miƙo."

Ya ce, "Na sani. Raina ne bai kwanta ba. Kai kuma ba dama. Ka ba yarinyar nan abin ta yi mata mana. Na ga yadda aka yi mini, ai ɗan karce ne, ko kaza ta iya."

Daga bayan zana sai na ji Inna tana ce wa Dije, yadda zan ji, "Gaya wa malamin lamba ya aiko da mai sauƙin, ni tsohuwa ce."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na san amsar da ta kamata. Kalma ɗaya ce, a'a, sai dai ban taɓa faɗa wa Baffa ita ba, kuma bakina ya ƙi ɗaukarta. Na ce, "To, Baffa."

Da safe na zari kwalba ɗaya daga gindin randa, na gaya wa Malam Garba cewa na gidan surukaina ya bar mini, na san yadda zan yi. Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Na biya gida, na tarar da Dije ta yafa mayafi za ta fita. A tsaye na koya mata: ki wanke, ki ɗiga, ki karce kaɗan. Abin da na yi wata shida ina koyo a gaban Malam Garba, shi na koya mata kafin a sha ruwa a ajiye moɗa. Da ta dawo na ce, "An yi?" Ta ce, "An yi, Malam. Inna ta ce a gaya maka hannuna ya fi na Malam Garba sanyi." Na rubuta a littafi cewa an yi, kuma ni na yi.

Kwana takwas suka cika ran Talata, lori kuma zai tashi Laraba. Mazan suka zo aka duba, ta Baffa ta kama sosai. Malam Garba ya zaga matan, biyu ba ta kama ba ya sake musu. Ni kuwa na tambayi Dije, "Ta Inna ta tashi?"

Ta ce, "Ta ce wurin yana mata ƙaiƙayi."

"Kin gani?"

"Na ga ɗan ɓawo."

Dije ba ta san bambancin ɓawon karce da ƙurjin lamba ba, ina za ta sani? Ni na sani. Tambaya ɗaya ta rage in yi mata, ko ya yi ruwa, amma ban yi ba, don ina tsoron amsar. In ta ce bai yi ba, sai in koma gaban Baffa, a sake tada maganar da aka rufe, ga lori gobe. Na ce wa kaina ƙaiƙayi ai alama ce. Na rubuta takardar, na sa hannu, na kai wa Malam Garba ya buga hatimi tare da sauran.

Ya riƙe ta Inna a hannu ya ce, "Wannan ka gani da idonka?"

Na ce, "Na gani, ranka ya daɗe."

Ya buga. Bai taɓa kama ni da ƙarya ba, shi ya sa ya yarda.

Laraba da hantsi muka raka su tasha. An ɗaure salkuna a jikin lori, mata a gaba cikin kaya, maza a baya. Na tsaya nesa kamar yadda ya kamata. Dije ta dawo da jan ido ta ce, "Inna ta ce a gaya maka ta bar maka amana, kuma in ka ga na rame za ta ji labari ko tana bayan teku." Abin da ya shiga tsakanina da surukata na ƙarshe ke nan.

Wata biyar sannan wasiƙar farko ta zo, da ajami, a hannun wani mai dawowa. Sun bi ta Yerwa da Abashe, sun shiga Sudan ta Jinaina, wani wuri a mota, wani wuri a ƙasa, sun isa lafiya. Baffa ya ce mu da muke kukan zafin bazara a Katagum mu yi shiru, ba mu ga rana ba. A can tun asuba ake aiki, kafin azahar kowa ya nemi inuwa, kasuwa ma sai ta mutu sai la'asar. Ba mai kwana a ɗaki, kowa yana fito da gadon igiya tsakar gida. Fatar da ya je da ita ta bushe tana tsagewa, sai da ya koyi shafa mata mai kamar jariri. Ya ce ana kiran su Takari, ana cin wani abu kisira, falle-falle kamar takarda, wanda Inna ta ce an yi shi ne don masu ciwon haƙori.

Wasiƙa ta biyu ta fi daɗi. Inna ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, tana gamawa kafin rana ta ɗaga, har Larabawan unguwa sun koyi zuwa da kwano. Ta iya ƙirge da Larabci, ta iya faɗa da shi. Matan Hausawa suna zuwa roƙon daddawa, tana gutsura musu kamar turare. Dije ta sa na karanta mata wasiƙar nan har ta haddace.

Daga nan shiru, wajen shekara. Sai wata ranar Juma'a bayan an sauko, wani Alhaji Manu, mutumin Jama'are da suka tafi ayari ɗaya, ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya sauke farali ya biyo ta wajen su Baffa. Tun daga yadda ya zauna na san ba alheri. Ya ce 'yan rani sun shiga unguwarsu da bazara, sun kama Inna, kwana goma sha ɗaya ta yi, ta rasu. Ya ce Baffa ne ya yi jinyarta da hannunsa, ko ƙurji ɗaya bai fito masa ba.

Na yi salati. Shi kuma, bawan Allah, don ya sanyaya mini rai sai ya ci gaba da magana. Ya ce, "Malam, kwana ne ya ƙare, ku kun yi naku. Ai a Jinaina sai da aka tsayar da mu. Duk wanda ba shi da takarda, a gefe aka ware shi, aka yi masa lamba a wurin, har da mace mai yi wa mata. Aka tsare su sai da ta kama. Mu da muka riƙo taku, ko hannunmu ba a duba ba, aka ce mu wuce. Har Inna tana yi wa waɗancan dariya, tana cewa ita surukinta ne malamin lamba."

Ban san yadda na sallame shi ba. Da ban rubuta komai ba, da na bar ta ta tafi hannu wofi, da an yi mata a kan iyaka, kuma mace ce za ta yi mata, ba abin da zai taɓa ran Baffa. Takardata ce ta wuce da ita.

Na shiga na gaya wa Dije rasuwar. Aka yi zaman makoki, mutane suka zo daga Katagum da Hardawa. Sai bayan addu'ar bakwai, da gida ya watse, ta same ni a zaure da rana tsaka. Ta tsuguna, ba ta dube ni ba, ta ce, "Malam, ni na kashe Inna."

Na ce, "Subhanallahi, wace irin magana ce wannan?"

Ta ce, "Da na karce ta, na ga wurin ya yi ja. Sai na sa bakin zane na goge, na shafa mata man shanu don kada ya yi mata zafi. Daga baya na ji kana gaya wa wani ba a gogewa. Na ji tsoro ban faɗa maka ba."

Na ce mata ban gaya mata kada ta goge ba. Na ce aikina ne na ɗora mata, kuma ni na sa hannu a kan abin da ban gani ba. Na gaya mata maganar Jinaina duka, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, Malam." Ta tashi ta shiga ciki.

Ran Litinin na je na faɗa wa Malam Garba. Na zaci zai kai ni gaba a kore ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Amma sai ya ce, "Da ka gaya mini, da ni na je wurin Baffan naka. Ni ba surukinsa ba ne, zan iya ce masa a'a." Da likita ya zo rangadi, Malam Garba ya sa ni na maimaita a gabansa da bakina. Aka hana ni sa hannu a takarda shekara guda. Baffa kuwa ban taɓa rubuta masa gaskiyar ba, a can ya rasu yana sa mini albarka a kowace wasiƙa.

Na yi shekara ashirin da shida a aikin nan bayan haka. Abin da na gane shi ne, mutanenmu ba mugunta ke sa su roƙe ka ka karya ƙa'ida ba. Kunya ce, da girmamawa, da ganin kai nasu ne. Baƙo ba ya ba ka wahala, naka ne ke zuwa da murmushi ya ce ai kai ne. In wanda ba za ka iya ce wa a'a ba ya zo gabanka, ka tashi ka kira abokin aikinka ya tsaya a wurinka, ba abin kunya ba ne. Kuma ku sani takardar da kuka sa wa hannu tana zuwa inda ba za ku je ba, wani zai gan ta ya sauke hannunsa saboda ya yarda da ku.

Ni an hukunta ni, shekara ta zagayo aka mayar mini da alƙalamina. Dije ba wanda ya hukunta ta, saboda haka ba wanda ya iya ce mata ya ƙare. Mun yi shekara talatin da ɗaya tare bayan rasuwar Inna, mun aurar da 'ya'ya, mun ga jikoki. Na gaya mata laifina ne a zaure, na gaya mata a ɗaki, na sa malamai sun gaya mata. Kullum amsarta ɗaya ce, "To, Malam." A ciwonta na ƙarshe, ina zaune a bakin gadonta, ta ce in matso. Na zaci wasiyya za ta yi a kan yara. Sai ta ce, "Malam, kana ganin Inna ta yafe mini?"